Tarihin gwajin cututtukan numfashi na shanu a Kurfai

Ƙasar Kurfai, wadda Filinge ke tsakiyarta a kwarin Dallol Bosso, ƙasar kiwo ce tun fil azal. A arewa da garin ne aka kafa tashar Tukunus a 1954 domin inganta irin shanun Azawak, don haka lafiyar shanu ta daɗe da zama babbar magana a yankin.

Makiyaya da ido suka fara gane ciwon huhu. Saniya takan ware daga garke, ta miƙa wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana tari da nishi. In an yanka, sai a tarar huhun ya manne da haƙarƙari, ƙirji cike da ruwa rawaya. Tun kafin zuwan Turawa, makiyayan Afirka ta Yamma kan tsaga karan hancin lafiyayyar dabba su sa ɗan yankin huhun wadda ta mutu, dabarar da ta cancanci a kira ta riga-kafi. Amma ido ba ya kama saniyar da ta warke a zahiri alhali cutar na kwance a huhunta, kuma ita ce mai kai ta rijiya da kasuwa.

A 1898 Nocard da Roux suka raino ƙwayar ciwon huhu a Faransa, wadda dangin bakteriya ce. Daga baya aka gane akwai bairas da ke kawo alamu masu kama, irin su IBR, BRSV da PI3. Gwajin jini na ELISA, wanda ya fito a 1971, yana neman sinadaran kariya da jikin dabba ya ƙera. Da farko sai an raino bairas ɗin gaba ɗaya kafin a haɗa gwajin, aiki mai tsada da haɗari. Daga 1983 aka iya ɗauko umarnin gado na furotin guda na bairas, a dasa shi cikin ƙwayoyin jikin ƙwari su yi ta ƙera shi. Da haka masana na cibiyar bincike ta CIRAD suka fitar da gwajin annobar awaki da tumaki a 1995, cutar da ke dangi da bushiya, annobar shanu da aka shelanta ƙarewarta a duniya a 2011. A Turai kuma gwajin furotin gE na bairas ɗin IBR ya ba da damar bambanta saniyar da aka yi wa allurar IBR da wadda ta kamu.

Irin waɗannan gwaje-gwaje na iya amfanar Kurfai, inda garkuna ke cuɗanya a hanyar Mali da arewa. Sai dai manyan gwaje-gwajen Nijar suna ɗakin binciken LABOCEL ne a Yamai, kuma dole jinin da aka ɗiba a ruga ya isa can da sanyinsa, tafiyar kusan kilomita 180 daga Filinge.