Haɗa gaɓoɓi masu kama da juna a aljabara

Haɗa gaɓoɓi masu kama da juna hanya ce ta taƙaita jimlar lissafi a aljabara ba tare da an canza ƙimarta ba. Gaɓa ita ce kowane yanki na jimlar da alamar tarawa ko ta ɗebewa ta raba shi da sauran. Misali, 5x + 3y − 2 tana da gaɓoɓi uku: 5x da 3y da −2.

Sharaɗin kamanceceniya

Gaɓoɓi suna kama da juna idan haruffansu iri ɗaya ne, kuma ƙaramar lambar da ke saman kowane harafi ita ma ɗaya ce. Saboda haka 4x da −9x suna kama, haka ma 2ab da 7ba, domin sauya jeri ba ya canza sakamakon ninkawa. Amma 3x da 3x² ba sa kama. Idan x tana nufin 4, ta farko 12 ce, ta biyu kuwa 48.

Wajen haɗawa, lambobin da ke gaban haruffa kaɗai ake tarawa ko ɗebewa, harafin ya tsaya yadda yake: 8x − 3x = (8 − 3)x = 5x. Harafin da ba a rubuta masa lamba ba, lambarsa 1 ce, don haka 6y − y = 5y.

Ɗebewa da baka

A nan ne ɗalibai suka fi yin kuskure. Alamar ɗebewa da ke gaban baka tana aiki a kan dukkan gaɓoɓin ciki, ba ta farko kaɗai ba, domin daidai take da ninka su da −1. Idan an cire bakan, kowace alama sai ta juya:

(7x + 4y − 3) − (2x − 5y + 6)
= 7x + 4y − 3 − 2x + 5y − 6
= 5x + 9y − 9

Ana iya gwada amsar ta hanyar sanya lambobi a madadin haruffa. Idan x = 2 kuma y = 1, jimlar farko ta ba da 15 − 5 = 10, amsar ma ta ba da 10 + 9 − 9 = 10. Wanda ya bar −5y bai juya alamarta ba zai samu 5x − y − 9, wadda ke ba da 0.

Tarihi

Kalmar aljabara ta samo asali ne daga al-jabr, a cikin sunan littafin da Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajajen shekarar 820. Ɗaya kalmar da ke cikin sunan, al-muqabala, tana nufin rage gaɓoɓi masu kama da ke ɓangarori biyu na ma'auni. Al-Khwarizmi da kalmomi ya yi bayaninsa, ba da alamomi ba. Amfani da x, y da z a matsayin adadin da ba a sani ba ya yaɗu ne daga littafin La Géométrie na René Descartes, ɗan ƙasar Faransa, wanda aka buga a 1637.