Daga Farisa zuwa Zuru: Sa'ad da Wata Ƙasa Ta Yi Magana Domin Masu Bi

Marubucin tarihin Ikkilisiya Yusibiyus ya adana wasiƙar da Sarki Kwanstantin na Roma ya aika wa Shafur na Biyu, sarkin Farisa, yana roƙonsa ya kula da Kiristocin ƙasarsa. Nufin mai kyau ne. Amma bayan mutuwar Kwanstantin a 337 yaƙi ya ɓarke tsakanin daulolin biyu, aka fara kallon Kiristocin Farisa a matsayin 'yan kanzagin Roma. Shafur ya ninka musu haraji. Bishop Saminu na babban birnin ya ƙi tattara shi, aka kashe shi, tsananin kuma ya ci gaba har mutuwar Shafur a 379.

Daga baya jakadanci ya haifi ɗa mai ido. Bishop Maruta ya je Farisa a matsayin manzon Roma, ya sami amincewar Sarki Yazdagird, har a 410 Ikkilisiyar ta yi babban taronta a fili. Duk da haka, a 424 shugabanninta suka yanke cewa ba za su ƙara kai ƙara ga ikkilisiyoyin yamma ba. Sun gane cewa zaman lafiyarsu yana a gida.

Wannan tarihi ya shafe mu. A 1998 Amurka ta kafa dokar 'yancin addini a ƙasashen waje. A ƙarƙashinta ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake damuwa da su a Disamba 2020, ta cire ta a Nuwamba 2021, ta sake mayar da ita a Oktoba 2025. Gwamnati ɗaya ta sa, wata ta cire. Tsakanin waɗannan shekaru aka sace ɗalibai a Birnin Yauri a 2021, aka kashe Deborah Samuel, 'yar Tungan Magajiya, a Sakkwato a 2022. A Nuwamba 2025 kuma aka sace 'yan mata 25 a makarantar Maga, cikin masarautar Zuru, akasarinsu Musulmi.

Neman hakki ba zunubi ba ne. Bulus ma ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar (Ayyukan Manzanni 25). Muryar waje takan sa gwamnati ta motsa. Amma jakada yakan koma ƙasarsa, ya bar mu da maƙwabtanmu. Saboda haka fasto ya rubuta abin da ya faru daidai, da rana da wuri, ba ƙari ba ragi. Ya yi magana domin kowane wanda aka zalunta, Kirista, Musulmi ko mai bin addinin gargajiya. Ya kuma riƙa kai kuka ga sarki, gwamna da kotu. Rahoton da aka zuzuta yakan zubar da mutuncin Ikkilisiya, ya jawo mata zargin da ya halaka masu bi a Farisa.

Tambaya don tattaunawa: in baƙo daga waje ya nemi labarin ikkilisiyarka, me za ka faɗa da maƙwabcinka Musulmi zai shaida gaskiya ne?