Kantar mai shago ce ta tsara bangon mujallar waƙa

Masu sharhi suna son cewa mujallar waƙa kamannin kiɗan da take tallatawa take ɗauka: kiɗa ya haukace, shafi ya haukace. Mu da ke sana'ar tsara shafi mun san ba haka abin ya faro ba. Yawancin ƙa'idojin da muka gada, maɗaba'a da kantar mai shago ne suka shimfiɗa su. Sunan mujalla yana zama can sama ne domin a kanta ana jera mujallu wata ta rufe ƙirjin wata, kai kaɗai ke leƙowa. Fosta kuwa tana tsakiya domin nan ne shafi biyu suke kan falle ɗaya, hoto ba ya yankewa, kuma yaro zai iya ɓalle ƙusar ya manna a ɗakinsa. Da wannan dabarar, da buga baitocin waƙoƙi, Smash Hits ta Ingila, wadda Nick Logan ya kafa a 1978, ta ci kasuwar matasa.

Ko Rolling Stone, da Jann Wenner da Ralph Gleason suka fara a San Francisco a 1967 da hoton John Lennon a gaba, a takardar jarida mai araha ta fito, ana naɗe ta biyu. Takardar na shan tawada, hoto ba ya fita tas, don haka aka jingina da rubutu mai tsawo, da jerin layuka a natse, kamar jaridar dattawa. Mujallar 'yan tawaye ce, amma shigarta ta malamai. Da Fred Woodward ya karɓi tsarinta a 1987, sai ya dawo da tagwayen layukanta na da, mai kauri da siriri, masu kewaye shafi, ya yi wasansa da haruffa a cikin shingen.

Za a ce to ina aka bar Neville Brody da David Carson? Tambaya ce mai nauyi, domin su biyun sun girgiza sana'ar da gaske. A mujallar The Face, daga 1981 zuwa 1986, Brody ya riƙa zana haruffansa da hannu, har ya dinga rage kalmar da ke kan shafin abubuwan da ke ciki, fitowa bayan fitowa, sai da ta koma alama zalla. Amma hakan ya yiwu ne domin mai karatu ya riga ya san inda shafin yake; al'adar da ake cewa ya rusa ita ce ta ɗauke shi. Carson kuma, a Ray Gun da aka kafa a 1992, ya buga hirar mawaƙi Bryan Ferry a 1994 da Zapf Dingbats, zanen taurari da almakashi da ba mai iya karantawa, wai hirar ta gundure shi. Labarin da ba a cika ƙarasawa ba shi ne an sake buga hirar da haruffan kirki a ƙarshen mujallar.

Gaskiya ne kiɗa yana ba shafi launi da zafi, kuma Sniffin' Glue ta Mark Perry a 1976, da rubutun alƙalami da injin kwafi, ta yi kama da kiɗan da take yabo. Sai dai nan ma aljihu ne ya fara magana: a lokacin Perry ma'aikacin banki ne matashi, ba shi da kuɗin maɗaba'a.