Yadda ake raba hanya a layin intanet na birni

Ɗan kasuwar da ke Head Bridge a Anacha, idan ya tsaya jiran na'urar POS ta tabbatar da kuɗin kayan da ya sayar, saƙonsa yana bin layi ɗaya ne da kiran waya da bidiyo na dubban mutanen garin. Layin yana da iyaka, don haka dole a sami ƙa'idar da za ta ce wane saƙo ne zai fara wucewa.

Ɗaya daga cikin ƙa'idojin farko na layukan birane ita ce IEEE 802.6, wadda aka amince da ita a 1990, kuma ta samo asali daga wani bincike a Jami'ar Yammacin Ostireliya. Layi biyu ne, kowanne na tafiya sashen da ɗan'uwansa ya baro, ana sako gurabe masu girma ɗaya a kansu kamar motocin haya. Tashar da ke da saƙo takan aika buƙata ta ɗaya layin, tashoshin da ke gabanta su ƙirga buƙatun, su bar gurabe daidai adadinsu su wuce babu kaya. Duk da haka an gano cewa a lokacin cunkoso matsayin tasha a kan layin yana shafar rabonta, sai aka ƙara sharaɗin kowace tasha ta riƙa barin wani gurbi ya wuce ko da tana bukatarsa. Ethernet ya maye gurbin wannan tsari tuntuni.

A yau alama ake sa wa kowane ƙunshin bayanai. Ƙa'idar 802.1p tana da matakai takwas, daga 0 zuwa 7, tsarin DiffServ na 1998 kuma yana da alamomi 64. Murya ake fifitawa, domin jinkirin da ya wuce kashi 150 cikin 1,000 na daƙiƙa yakan sa masu magana su riƙa katse juna, alhali wasiƙar imel ba ta rasa komai in ta jira. Sai dai alamar takan yi aiki ne a cikin layin kamfani ɗaya kawai. Da saƙo ya tsallaka zuwa wani, ana iya goge ta.

Fifiko kuma ba ya ƙara faɗin layi. An ga haka ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku na WACS, ACE, MainOne da SAT-3 suka lalace, hada-hadar bankuna ta yi tsaiko a Najeriya. Shi ya sa rage nisan tafiya ke da muhimmanci. Cibiyar IXPN, wadda aka kafa a 2006 da goyon bayan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, tana da mahaɗai a Legas, Abuja, Kano, Fatakwal da Inugu, inda kamfanoni ke musayar saƙonnin cikin gida kai tsaye ba tare da sun zaga ta Turai ba.