Tsara sarari da lambuna: Yadda ake shiga sana'ar bayan jami'a, da abin da ke tare mata hanya a Najeriya

Tsara sarari fanni ne da ke kula da duk abin da ke tsakanin gine-gine: filin shan iska, gefen titi, magudanar ruwa, harabar makaranta da asibiti, bakin rafi, maƙabarta da filin Idi. Mai zanen gini yana tsara ɗaki da bango. Mai tsara sarari kuwa shi ke duba gangaren ƙasa, ya faɗi inda ruwan sama zai bi, inda inuwa za ta sauka, da inda bai kamata a aza tubali ba ko kusa. A Najeriya an fi ɗaukarsa mai shuka furanni, shi ya sa ake kiransa bayan an gama gini, lokacin da yawancin shawarar da ta shafe shi ta riga ta wuce.

Asalin sana'ar

Sana'ar ta samu sunanta na zamani a Amurka, bayan Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux sun lashe gasar zanen filin Central Park na birnin New York a 1858. An kafa ƙungiyar masu sana'ar ta Amurka a 1899, Jami'ar Harvard ta fara koyar da fannin a 1900, sannan aka kafa ƙungiyarsu ta duniya, IFLA, a Ingila a 1948.

Najeriya ma ta taɓa cin moriyar fannin a babban aikinta na ƙasa. Cikin kamfanonin da suka haɗu suka zana babban tsarin birnin Abuja na 1979 akwai na Ian McHarg, masanin da ya yi suna wajen cewa a fara karanta ƙasa kafin a yi zane a kanta. Tsarin ya bar kwaruruka da bakin rafuka da duwatsu a matsayin wuraren da ba za a gina ba. Filin Millennium Park, wanda Manfredi Nicoletti ya zana, aka buɗe a Disambar 2003, yana daga cikin abin da ya tsira na wannan tunani.

Ƙofar shiga

Yawancin masu sana'ar a Najeriya ta wata ƙofa suka shigo. Sukan fara da digirin farko a zanen gine-gine, ko tsara birane, ko gandun daji, ko kimiyyar lambu, daga baya su yi digiri na biyu a fannin. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Legas na cikin waɗanda ke koyar da shi a wannan mataki.

Babban giɓin yana wajen doka. Masu zanen gine-gine suna da majalisar rajista ta ARCON tun 1969, injiniyoyi suna da COREN tun 1970, masu tsara birane suna da TOPREC tun 1988. Masu tsara sarari suna da ƙungiyarsu ta SLAN, amma ƙungiya daban, majalisar da doka ta kafa daban. Abin da wannan ke nufi ga matashi shi ne, hatimin da ake buƙata a kan zane kafin hukuma ta amince da shi yawanci na wata sana'a ne. Don haka wanda digirinsa na farko ya ba shi damar rajista da ARCON ko TOPREC, kuskure ne ya yi sakaci da ita.

Shekarar hidimar ƙasa tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Wanda ya yi ta a kamfanin zane, ko hukumar tsara birane, ko ma'aikatar muhalli, yakan fita da zane biyu ko uku da zai nuna. Masu ɗaukar aiki a wannan fanni kundin zane suke fara buɗewa, takardar sakamako ta biyo baya. Ana sa ran ya iya AutoCAD da SketchUp, ya kuma iya aiki da taswirar kwamfuta. Manhajar QGIS kyauta ce, ba ta buƙatar lasisi.

Sai ilimin da ba ya cikin kwamfuta, wanda kuma shi ne ke bambanta gwani da mai kwafo zane daga intanet. A Arewa ruwa na zuba ne cikin 'yan watanni, sauran shekara rani ne da ƙura. Ciyawar da aka shimfiɗa a harabar ofis a Katsina sai an yi ta ban ruwa kullum, ranar da injin rijiyar burtsatse ya tsaya ta bushe. Gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, wato yana ba da inuwa daidai lokacin da ake nemanta. Maɗaci da tsamiya suna jinkirin girma amma suna daɗewa, darbejiya tana saurin tashi tana jure fari, turare kuwa yana shan ruwa sosai. Masu sayar da dashe a bakin titi sun san wannan duka, kuma watanni kaɗan tare da su sukan koyar da abin da aji bai koyar ba.

Inda aikin yake

Kuɗin farko yakan fito daga masu rukunin gidaje, otal-otal da makarantu masu zaman kansu. Aikin gwamnati ya fi girma: Sashen Lambuna da Wuraren Shaƙatawa na Abuja, hukumar LASPARK ta Legas, da hukumomin tsara birane irin KNUPDA a Kano. Akwai kuma ayyukan farfaɗo da ƙasa. Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa da doka a 2015 tana aiki a jihohi 11 na bakin hamada, shirin ACReSAL kuma, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya, ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja. Dokar tantance tasirin ayyuka a kan muhalli ta 1992 ta wajabta rahoto kafin manyan ayyuka, kamfanonin da ke rubuta rahoton kuma suna neman masu iya karanta ƙasa da taswira. Mai son tsayawa da ƙafarsa sai ya yi rajistar kamfani a CAC, ya kuma san sharuɗɗan dokar bayar da kwangila ta 2007, domin ba a shiga takarar aikin gwamnatin tarayya ba tare da takardun haraji da na fansho ba.

Siyasar fili

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, na Abuja kuma ministan birnin ke rabawa a madadin shugaban ƙasa. Filin da aka ware don shan iska ba ya kawo kuɗin shiga nan take, alhali idan aka yanka shi fuloti-fuloti yana kawowa. A nan ne zanen mai tsara sarari ke yawan mutuwa. Mazauna Abuja sun sha kokawa kan mayar da filayen shan iska gidaje da wuraren kasuwanci. A tsohon birnin Kano, kududdufan da aka haƙa don ginin ƙasa sun daɗe suna tare ruwan damina, kuma da yawansu an cike su an yi gini a kai, ruwan da suke riƙewa ya koma lungu da ɗakunan mutane.

Saboda haka matashin da ya shiga sana'ar yana buƙatar iya karanta takardar mallakar fili da babban tsarin gari kamar yadda ya iya zane. Shi ne zai iya ɗora taswirar unguwa ta yau a kan ta shekaru 20 da suka wuce, ya nuna wa kwamitin majalisa ko ƙungiyar unguwa hanyar ruwan da aka toshe, da lambar fulotin da ke zaune a kanta.