TARIHIN KUJERAR MOTA MAI ƊUMI, DA YADDA AKA KAI GA HAƊA TA BAYA DA HANNU

Idan motarka irin ta Kwatano ce, wadda ta fito daga Amurka, Kanada ko Jamus, je ka duba kusa da giya ko ƙasan rediyo. Mai yiwuwa ka ga wani maɓalli mai hoton kujera da wasu layuka lanƙwasassu suna tashi sama kamar hayaƙi. Mutane da yawa sun shekara da mota ba su san aikinsa ba. Wani ma yaro ne zai danna masa a watan Afrilu, ya ji mazauninsa na gasuwa, ya nufi gareji a guje wai mota za ta kama da wuta. To hitar kujera ce. Yau tarihinta za mu bi, domin shi zai nuna maka dalilin da ya sa kujerun baya suka daɗe babu ita, da kuma abin da mai son haɗawa da kansa ya kamata ya ji tsoro.

Motocin farko a buɗe suke, ba rufi ba gilashin gefe. Mai tuƙi a lokacin ƙanƙara sai ya ari dabarar masu keken doki: bargo mai kauri a kan cinya, bulo da aka gasa a murhu a naɗe cikin tsumma, ko wani ɗan akwatin ƙarfe mai garwashi a ƙarƙashin ƙafa. Kusan dai kaskon wutar da tsofaffinmu ke kwana da shi da hunturu. Da aka fara rufe motoci sai aka koma satar zafin inji, da farko daga jikin salansa, daga baya kuma daga ruwan lagireto. Wannan ta biyun ita ce hitar da motocin fetur ke amfani da ita har gobe. Matsalarta ɗaya ce, sai inji ya yi zafi tukuna. Ka tashi mota da asuba cikin sanyi, za ka yi mintuna kana rawar ɗari kafin iska mai ɗumi ta fara fitowa.

Maganin kuwa ya girmi motar kanta. Tun wajajen 1840 wani Bature ɗan Ingila, James Prescott Joule, ya auna yadda waya ke ɗaukar zafi idan lantarki ya ratsa ta. Ya gano cewa idan ka ninka lantarkin sau 2, zafin sau 4 yake ninkawa. Riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa. Dutsen guga, hitar dafa ruwa da hitar kujera duk a kansa suke tafiya.

Wani ma'aikacin General Motors mai suna Robert Ballard ya nemi rajistar ƙirƙirar hitar kujerar mota a 1951, aka ba shi a 1955. Amma sai a 1966 kamfanin ya saka ta a Cadillac, ita ma ga wanda ya ƙara kuɗi. Kayan masu hannu da shuni ce a lokacin. Waɗanda suka mai da ita abin kowa su ne mutanen Suwidin, kuma ba abin mamaki ba ne in ka san irin sanyin ƙasarsu. A 1972 kamfanin Saab ya fara fitar da motocinsa da hita a kujerar direba ba tare da ƙarin ko sisi ba. Tasu ma ba ta da maɓalli, da ka murza makulli, in akwai sanyi ita ke kunna kanta, in kujera ta yi ɗumi ta kashe.

Ka lura fa, kujerar direba. Shi ne mai sayen mota, kuma kujerarsa ce kaɗai ba ta taɓa zama babu kowa. Daga shi sai na gefensa. Na baya kam an daɗe ana barinsu da bargo, in ban da a manyan motocin da mai gida ke zama a baya direba na ja. Har yau za ka ga mota mai tsada, gaba da hita, baya fayau.

A gefe guda, abin da ya fi dacewa da ƙasarmu shi ma Saab ɗin ce ta fara kawo shi. A 1997 ta fito da 9-5 mai kujera da fanka a ciki tana zuƙe gumi. Ba da jimawa ba Lincoln Navigator ta zo da kujerar da ke ɗumi kuma take sanyi, da wata 'yar na'ura mai aiki da abin da Bafaranshe Jean Peltier ya gano a 1834: lantarki ya bi ta nan gefe ɗaya ya yi sanyi, ka juya shi gefen ya yi zafi. Wannan sai wata rana.

Rigimar ta zo ne da motoci suka koma kwamfuta. Tesla ta riƙa ƙera Model 3 da hita a kujerun baya, har a masu araha, amma a kulle. A 2020 ta ce wanda ke so ya biya dala 300 a buɗe masa ta intanet. Wato waya tana nan a ƙarƙashin 'ya'yanka, ka saye ta da kuɗinka, amma ba za ta yi ɗumi ba sai ka sake biya. A 2022 BMW ta ƙara gaba, ta fara karɓar kuɗin wata-wata, kimanin dala 18, a wasu ƙasashe kamar Koriya ta Kudu da Birtaniya. Jama'a suka yi ca a kanta, a Satumban 2023 ta janye. A watan Agustan shekarar kuma wasu masu bincike daga jami'ar fasaha ta Berlin suka nuna a taron Black Hat na Las Vegas yadda suka rage wa kwakwalwar Tesla wuta na ɗan ƙiftawar ido, ta rikice, suka samu hanyar buɗe hitar bayan kyauta. Ni dai a ganina BMW ce ta jawo wa kanta. Mutum zai yarda ya biya kuɗin data duk wata domin ya san ana kashe kuɗi a kai masa ita, amma wayar da ke cikin kujerarsa fa, me kamfani ke ƙara mata?

Shi ya sa masu haɗawa da hannu suka samu kasuwa. Abin da ya sauƙaƙa musu aiki shi ne sauyin da aka samu a shimfiɗar hitar kanta. Ta da, waya ɗaya ce doguwa da aka nannaɗe kamar maciji, ta tsinke a wuri ɗaya shi ke nan duka ta mutu, kuma sau da yawa gwiwar wanda ya durƙusa a kan kujera ce ke tsinka ta. Ta yanzu zaren kabon ne da yawa a jere, kowanne da hanyarsa, ɗaya ya yanke saura na aiki. Don haka ake iya huda ta ko rage tsawonta a inda masu ita suka yi alama. Irin ta waya ɗaya kuwa, almakashi ya taɓa ta ka yi asara.

Aikin kansa kashi biyu ne, na mai ɗinkin kujera da na mai wayarin. Ka cire kan batir tukuna. Mazaunin baya a yawancin motoci ƙugiya biyu ke riƙe da shi, ka ɗaga da ƙarfi ya fita. Rigar kujerar kuma wasu ƙananan zobban ƙarfe ne suka kama ta da soso, ka yanke su, ka manna shimfiɗar a kan soson, ka mayar da riga da sababbin zobba. Nan ne wurin da ake kuskure: kada zobe ya taɓa zaren hitar, kuma kada shimfiɗar ta naɗe. Inda ta ninku zafi ke taruwa, daga nan soso ya fara ƙonewa. Wani abin da ya sa baya ta fi gaba sauƙi shi ne kujerun gaba na ɗauke da jakar iska ta gefe, ta fasinja kuma da na'urar da ke gane akwai mutum a zaune. Amma wasu motocin suna da jakar iska a gefen kujerar baya ma. Duk soket ko waya mai ruwan ɗorawa da ka gani, ba taka ba ce, bar ta.

Yanzu lissafin Joule. Kujera ɗaya, mazauni da jingina, takan ci kamar wat 40 zuwa 60. Raba da bolt 12 na batir, ka samu am 3 da ɗoriya zuwa 5. Kujeru biyu sun doshi am 10. Ka ɗora wannan a kan siririyar wayar fitilar cikin mota, ita ma ta zama hita, sai dai a cikin bodi inda ba ka gani. Wuta daga batir za ka jawo da waya mai kauri, fis ɗinta kusa da batir ɗin, ta bi ta rile wanda makulli ke kunnawa. In ka haɗa kai tsaye babu rile, ranar da yaro ya bar ta a kunne da safe sai turi. Kuma don Allah kada mai wayarin ya naɗa maka zaren waya a madadin fis, mun san halinmu.

Sai waɗanda za su zauna a kai. Fata na iya ƙonewa a zafin digiri 44 kacal idan ta ɗauki sa'o'i a manne, kuma masu zama a baya su ne yara, tsofaffi da marasa lafiya. Mai shanyewar jiki ko mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka daina ji zai iya ƙonewa bai sani ba. Kada ka sayi shimfiɗar da ba ta da na'urar yanke wuta idan zafi ya kai, kuma kada ka kunna ta ƙarƙashin kujerar jariri.

Ko ya cancanci wahalar a nan? In kana Sakkwato ko Maiduguri, 'yan makonnin Disamba da Janairu ne kawai za ka tuna da ita. Mutumin Jos ko na Mambila mai kai yara makaranta da sassafe, shi kam zai ci kuɗinsa. Kafin ka sayi komai dai ka ɗaga kujerar bayan ka leƙa, domin wasu motocin da suka fito daga ƙasashen sanyi akan same su da soket ɗin hita a ajiye, ba a jona komai a jikinsa ba.