Ɗalibin Tarihi da Dattawan Gobir: Wa ke Koyar da Wa?

Wannan takarda za ta dubi abin da ke faruwa idan ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya koma gida ƙasar Sabon Birni ko Isa don tattara bayanan kundin digirinsa. Yakan tafi da tarihin da ya karanta, wanda akasarinsa daga alƙalamin malaman jihadi ya fito, musamman Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello. A can, faɗuwar Alƙalawa a 1808 da kashe Sarkin Gobir Yunfa buɗi ne da nasara. To, amma dattijon da zai zauna gabansa a Burkusuma ko Gatawa, mai yiwuwa da zanen Gobirawa a fuskarsa, labarin watsewar gidan kakanninsa zai ba shi.

Dattijon na da hujja. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, Mayaƙi ya kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Daga baya Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni, alhali Isa tana hannun zuriyar Muhammadu Bello a matsayin ribaɗi mai tsaron wannan gefe. Sa'an nan Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, Tsibiri ta faɗa Nijar, Sabon Birni ta faɗa Nijeriya. Shi ya sa har yau ake da Sarkin Gobir a Tsibiri, da wani a Sabon Birni, da wani a Isa. Ɗalibin da ya tambayi wanne ne na asali ya taɓa miki, kuma amsar da zai samu ta danganta da zauren da ya shiga.

A ganina kuskuren da yawancin ɗalibai ke yi shi ne ɗaukar dattijo tamkar rumbu, a ɗebo a tafi. Ba a komawa a karanta masa abin da aka rubuta, balle ya ce nan an yi kure. Aikin Abdullahi Rafi Augi na 1984 a kan Gobir a kwarin Rima ya nuna irin ribar da ke cikin auna labarin baka da rubutattun littattafai. Sai dai da Turanci yake, waɗanda ya shafa kuwa ba su karanta Turanci.

Ga kuma matsalar lokaci. A Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a ƙauyukan Sabon Birni, a Satumban 2021 suka afka wa sansanin soja a Burkusuma, a Agustan 2024 kuma Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. Dubban mutane sun tsallaka zuwa Gidan Rumji a jihar Maraɗi, wajen dangin da iyaka ta raba su da su. Ɗalibin da ke neman masu riƙe da labarin Alƙalawa sai ya bi wasunsu har can.